Ni Ne Mai Riƙe Totur

Ƙafata ta dama ta fi ta hagu ƙarfi, wallahi ba zolaya ba. In muna ƙwallo a filin makaranta na ɗaɗa da ita, gola da kansa yake kaucewa. 'Yan ajinmu suna cewa baiwa ce. Ina fa baiwa! Motar Baba ce ta ba ta tirenin.

Wata tsohuwar wagon ce 'yar Beljiyam, ruwan toka, da Baba ya saya lokacin da ya yi ritaya daga sakatariya a nan Ikara. A gida Tsohuwa muke ce mata. A kan titi ba ka da abin faɗa a kanta, in ta miƙi hanyar Makarfi har bas take wucewa tana yanga. Tsayuwa ce ba ta iya ba. Cuta biyu gare ta, kuma sun haɗa baki. Ta farko, ba ta silo: kana ɗaga ƙafa daga totur za ta yi tari, ta karkaɗa jiki, ɗif. Ta biyu, in ta mutu da zafinta, to sai haƙuri. Ka yi ta murza makulli har batir ya fara nishi, ba za ta tashi ba sai ta huce don ra'ayin kanta. Hucewar nan kuwa a bazara, sai ka yi salla, ka ci abinci, ka ɗan kishingiɗa, ka tashi ka tarar tana nan tana fushi. Ko turi ba ta ji. Samarin Paki sun taɓa tura ta tun daga ƙofar gidan baffana har bakin kasuwa, suka dawo suna haki suna tsine mata ƙasa-ƙasa.

Saboda haka duk inda Baba zai tsaya, sai an bar mutum a ciki yana riƙe mata totur. Mutumin nan ni ne. Yayana yana Kaduna, ƙannena mata ne ƙanana, ƙafarsu ba ta kai ba, Umma kuwa ta ce ita ba da ita ba.

Ga Baba shi ne babban namiji a dangi. Suna a Paki, ta'aziyya a Kudan, dubiya a Likoro, wani ya dawo daga asibiti, wata ta yi ɓari, wani rufin ɗakinsa ya yaye, duk sai ƙafarsa ta taka. Har mun ƙware a miƙa wa juna. Yana taka burki a ƙofar gida zai sa ta firi ya ja hambirek, ni daga kujerar mai zaman banza in zuro ƙafar hagu ta kan giya in karɓi totur kafin ya ɗaga tasa, ya fita, in ja jiki in koma mazauninsa, in sauya zuwa ta dama. Sai ya gyara hula, ya leƙo ta taga.

"Kada ka bari ta mutu."

Kullum sai ya faɗa, kamar yau na fara.

Na san abin da za ka ce, kowa shi yake cewa: a ɗora dutse mana. Malam, mun ɗora. Tsohuwa ba ta son dutse. Lallashi take so. Sai ka ji numfashinta ya fara yin ƙasa, ka ɗan ba ta wuta, ta ɗauka, ka sassauta. Da dutse ko dai ta yi ta ihu har a fito daga cikin gida a ga ko lafiya, ko ta shaƙe ta mutu.

To ka ɗauki hoton abin. Rana tsaka a watan bazara, ba inuwa, don inuwar ƙofar gida ta masu zaman makoki ce. Gilasan baya ba sa sauka. Zafin inji yana bulbulowa ta ƙarƙashin sitiyari yana gasa min ƙwauri. Warin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana zagayowa ta baya ya shigo ya same ni. Fitsari ya matse ka, ba dama. A kira salla, kana ji kana gani mutane suna alwala, kai sai Baba ya fito ya karɓe ka. A aiko maka da kunun zaƙi ta taga kamar ɗan kurkuku. Abin da ya fi ci min rai tsofaffin mata. Sai wata ta dogaro sanda ta zo har jikin mota.

"Wannan ba ɗan gidan Malam ba ne? Kai, boko ta hana ka sauka ka gaida mutane?"

"Ina wuni, Iya. Mota ce, in na sauka mutuwa za ta yi."

"Allah Ya kyauta. Mu da muke raye ba a sauka dominmu, sai ƙarfe."

Ka gaida tsohuwa kana zaune a sama tana tsaye a ƙasa, ka san kunyar da ke cikin wannan? Sai in sunkuyar da kai har goshina ya danna hon.

Duk wannan da sauƙi in da karatuna bai shiga ciki ba. A Makarfi nake makaranta, jeka-ka-dawo kullum a bas. In an yi rasuwa ranar Talata, lakcar Talata ta tafi. Abokaina sun kama ɗaki a bayan makaranta, akwai gurbin katifa ɗaya a jikin taga, suka ce nawa ne. Da na kai wa Baba maganar sai ya ce, "In ka tare a Makarfi, wa zai riƙe mini mota?" Umma tana tsince shinkafa ta ce, "Malam, yaro dai ba direba ka haifa ba." Sai ya yi dariya ya ce, "To, ranar da motar nan ta iya tsayuwa da ƙafarta, ya kwashi kayansa." Da wasa ya faɗa. Amma Baba mutum ne da ba ya ƙarya ko a wasa, kuma ba ya cin maganarsa, duk dangi sun san shi da wannan. Na adana maganar kamar lambar sirri.

Hutun samista ya zo, mutanena suka turo min saƙo: "Mutumina, ka yi wani abu fa. Akwai wani ɗan Hunƙuyi da ya matsa mana, kullum sai ya kira. In aka koma lakca ba ka tare ba, gurbin ya tafi, ba yawa."

A cikin motar na karanta, a ƙofar wani gidan rasuwa a Kudan, ƙafa kan totur. Abu ɗaya da Tsohuwa ba ta ƙwace min ba shi ne babban yatsana. Nan take na shiga bincike. Bidiyo bayan bidiyo, Turawa a gareji mai tsabta kamar ɗakin tiyata, suna magana ta hanci, ina mayarwa baya ina sake ji. Datata ta sha wuya a hutun nan. A hankali abin ya fara shiga. Ashe in inji ya tsufa, tururin baƙin mai yake hurowa ta wani tiyo, tiyon kuma komawa yake cikin maƙogwaron da iska ke bi ta shiga inji. Wato motar man kanta take sha. Man ya daskare a bakin totur, ya jiƙa fulogi, silo ya mutu. Zafin kuma daga wuyan salansa yake, inda ya manne da inji. In ana tafiya iska tana kwashe shi. Ana kashewa fanka ta tsaya, zafin ya rasa inda za shi, ya zauna ya ratsa kik mai tayar da inji da bututun iska da tiyon fetur, har fetur ɗin ya tafasa a hanya. Kana murza makulli, tururi take samu maimakon mai.

Kai! Ranar na yi ihu ni kaɗai a mota har wani mai zaman makoki ya waiwayo, na yi sauri na mayar da shi tari.

Maganin ma an yi shi, ana sayarwa. Wani ɗan gwangwani mai baki biyu da ake sa wa a tsakiyar tiyon nan, tururin ya shiga, man ya zauna a ƙasa, iska zalla ta wuce. Sai bandeji na musamman da ake naɗe wuyan salansa da shi, da faranti mai tare zafi, da wata riga mai ƙyalli da ake zura wa tiyon fetur.

Na tafi wurin bakanikenmu, garejinsa yana bayan tasha. Shi ke wanke mata totur da fetur ya ɗaga silo, ta yi kwana kaɗan lafiya ta koma gidan jiya. Muka buɗe bonet, na nuna masa wasu ramukan noti a saman wuyan salansa, babu komai a kansu.

"Oga, me ke nan wurin da?"

"Au, wannan farantin? Ƙara yake yi, kwaram-kwaram, babanka ya ce a cire masa. Ga shi can wurin mai shayi, da shi yake tare wa risho iska."

Na leƙa, wallahi ga shi can, ya yi baƙi, yana aikinsa a wani ofis ɗin.

"Oga, to ai zafi yake tarewa."

"Yanzu ma ai wuta yake gadi, bai bar layinsa ba." Ya ƙyalƙyale da dariya. Ya karɓi wayar, ya kalli bidiyon har ƙarshe yana goge hannu a wando. "Kai da wayar nan taka, wata rana allura za ka ce mu yi wa mota. Kawo kayan mu gani. In ta yi, ni na gyara. In ba ta yi ba, kai ka ɓata."

"Na yarda, Oga."

Yayana na Kaduna na sa a gaba da kira da saƙon murya da hotuna har ya gaji ya shiga kasuwa ya nemo, ya ba wani direban Ikara ya kawo tasha. Gwangwanin shuɗi ne yana sheƙi, ya fi duk abin da ke cikin motar kyau, har da mu masu shiga. Wuni guda muka yi a gareji. Muka wanke bakin totur, man da ya fito kamar kwalta. Muka canja fulogi. Bandejin nan kuwa ba wanda ya gaya min ƙaiƙayi gare shi. Mun jiƙa shi a bokiti kamar yadda na gani, amma duk da haka hannuna har gwiwa kamar na yi dambe da ƙaiƙayin gero. Oga yana naɗawa yana ɗaurewa da waya yana cewa, "Salansa da karaya, yau na ga ɗori."

Da muka tayar sai hayaƙi fari ya turnuƙe daga bonet, ga wani wari kamar ana ƙona tsumma. Oga ya suri bokiti. Na ce masa a bidiyo ma haka ya yi, sabon bandeji ne ke ƙonewa, amma gaskiya ni ma na ja baya na laɓe bayan wata bas. Can ya lafa.

Washegari da azahar, rana tana tsakar ka, na ce Baba ya zo mu gwada. Muka miƙi hanyar Makarfi, muka juyo, ta yi zafi sosai. A ƙofar gidanmu ya tsaya, na zuro ƙafa don sabo, sai na tuna na janye.

"Baba, ɗaga kawai."

Ya ɗaga. Tsohuwa ta ci gaba da tir-tir-tir ɗinta, lafiya lau, ba tari ba karkarwa. Muka kalli juna.

"Kashe ta, Baba."

"Kai, ina da zuwa masallaci da ita an jima."

"Kashe dai."

Ya kashe. Shiru. Ban taɓa jin shirun ƙofar gidanmu daga cikin motar ba, har kukan kurciya na ji. Muka bar ta ta jiƙu da zafinta, don a nan take nuna hali. Na kunna kyamara. Baba ya yi bismilla ya murza.

Bugu ɗaya. Bugu ɗaya, malam!

Na dira daga motar ina tsalle ba takalmi, ƙasa tana ƙona ni ban ji ba. Umma ta leƙo da ludayi a hannu. Ƙannena suna ihu ba su ma san dalili ba. Kafin Baba ya fito daga mota na riga na ɗora a sitatus, na tura guruf ɗin dangi, na tura na 'yan aji, na tura wa Oga: "Tsohuwa ta warke! A kashe a tayar, ba wani yawa! Injiniya na gaisuwa!" Wuta, wuta, wuta, alamar wuta har layi uku. Waya ta dinga ƙara. Masha Allah, barka, an gaida injiniya. Har Gwaggo ta Likoro, yayar Baba, ta sa jikanta ya ɗauki muryarta: "Alhamdulillahi. To yanzu sai ya zo ya zauna."

Baba dai cewa ya yi, "To, madalla," ya shige gida. Na ɗauka irin ta manya ce, ba sa nuna murna.

Sai ranar sunan Paki na gane. A wajenmu, kashe mota a ƙofar gida magana ce. In ka bar ta a kunne, wucewa kake, a gaisa a tsaye, a yi addu'a, a sallame ka. In ka kashe, ka zo ke nan. Za a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a dama fura, a bi kaza da gudu, sannan a fito maka da duk maganar da aka ajiye tun bara. Shi ya sa mai gida yake cewa "a kashe mota mana" kafin ma ya ce a shigo. Shekara da shekaru Baba yana da amsarsa: "Wallahi in na kashe ba za ta tashi ba, ga yaro can yana fama." Kuma gaskiya ce tsantsa, kowa yana jin kukan injin daga zaure. Ba wanda ya taɓa riƙe shi.

Muna tsayawa Baffa, ƙanen Baba, ya taho da fara'arsa har kunne.

"Yaya, sannu da zuwa. Yau kam sai a kashe, mun gani a waya."

Baba ya kai hannu kan makulli. Ya kashe.

Ni kuwa na taka ƙasar Paki da ƙafafuna biyu, ina jin kaina kamar wanda aka yi wa beli. Murnar ba ta kai zaure ba. Na durƙusa wa wannan, na durƙusa wa wancan, ina gajiya, ina iyali, ya zafi, ya aka ji da hidima, ya karatu, ya malamai, har gwiwata ta fara ƙara. Aka nuna min gefen tabarma. A mota aƙalla ina da wayata. A zaure, gaban manya, ka isa ka fito da waya? Tana aljihu tana zuu, zuu, ni ina kallon bango. Bayan an ci an sha, Baffa ya gyara murya ya ce dama akwai 'yar maganar iyakar gona tsakaninsa da 'ya'yan wani ɗan'uwansu marigayi. Aka kira wannan, aka aika a taso wancan daga fadama. Wani ya ce bishiyar ɗorawa ce iyaka, wani ya ce ɗorawar da ake nufi ta faɗi tun yana yaro. Aka yi azahar, aka dawo kan ɗorawa. Aka yi la'asar, ɗorawa. Baba yana tsakiya, gumi yana bin wuyan rigarsa, kowa yana cewa shi ne babba, shi zai yanke.

Rana ta yi ja muka fito. Tsohuwa ta tashi bugu ɗaya, ko a jikinta. Mun yi nisa, sai can Baba ya ce, idonsa a titi:

"Wannan abin da ka sa, dole ne sai duniya ta sani?"

"Baba, farin ciki ne."

"Hmm."

Satin nan duk inda muka je haka aka yi. A Kudan an riƙe mu kan maganar wata da ta yi yaji. Baba ya fara ramewa a ido. Maganar ɗaki kuwa bai tayar ba, ni ma ina tsoron tayarwa, sai Umma ce ta fito da buhun garin masara da jarkar manja ta ajiye a tsakar gida ranar Asabar ta ce, "Kayan ɗan makaranta. Gobe ne ko, Malam?" Ya ce, "Gobe ne."

Lahadi, gobe lakca. Na ɗaure katifa a saman mota, na loda risho da bokiti da jaka. Na tura wa mutanena: "Ina tafe, a share min gurbi." Da muka iso mararrabar shiga Makarfi na fara tattara caja, sai na ga Baba ya miƙe.

"Baba, an wuce."

"Na sani. Mu fara duba Gwaggonka a Likoro, ƙafarta ta matsa mata. A dawowa in sauke ka."

Na waiga na kalli igiyar katifa tana kaɗawa a jikin gilas, sai na gano lissafin tsoho. Ya samo sabuwar amsa, kuma ita ma gaskiya ce. Da ni ne mai riƙe totur, yanzu ni da katifata ne totur ɗin.

Gwaggo tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne a bakin zaure, ƙafa a miƙe an shafa mata magani. Ita ta goyi Baba, don haka ba ta san wani babban namiji ba. Baba ya bar motar a kunne ya fita ya durƙusa.

"Yaya, ina kwana. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Kashe ta."

"Ai ba zama za mu yi ba, Yaya. Yaron nan zan kai makaranta, ga katifarsa ma a sama."

"Na ga katifa, ba makanta nake ciwo ba. Kai ɗan boko, kashe ka kawo min makullin."

Na kalli Baba. Baba ya kalli ƙasa. Na kashe na kai mata da hannu biyu, ta ƙulle shi a haɓar zaninta, ƙulli biyu, ta ja da haƙori.

"Shekara nawa kana gaishe ni a tsaye kamar mai karɓar haraji? Ina magana, wancan ƙarfen yana kuka a waje, kana waiwaye. Rabonka da tuwon gidan nan tun mijina na da rai. Ni ba gona zan kai ka ba, ba shari'a gare ni ba. Zama kawai za ka yi in gan ka."

Muka shiga ɗakinta, aka shimfiɗa mana darduma. Ɗakin ba taga sai wata 'yar kafa a sama, ga rufin kwano yana sauke zafi. Ta fara ba shi labarin mutanen da ban sani ba, rabinsu sun mutu. Aka kawo fura. Aka yi azahar. Waya tana ta zuu a cinyata. Da na zaga bayi na leƙa da sauri: "Mutumina kana ina? Ɗan Hunƙuyi ya iso da katifarsa, yana zaune a kanta a ƙofar ɗaki. Mun ce masa zuwa la'asar. Bayan nan ba mu da bakin hana shi." Har da hotonsa suka turo, ya harɗe yana shan rake.

Na dawo na zauna. Ka ce wa Gwaggo kana sauri? Ka ce wa Baba ya tashi, makulli yana haɓar zani? Kazar ma ba a gama fige ta ba.

Can Gwaggo ta dogara bango ta fita duba masu girki. Baba ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Gwangwanin nan naka. In aka cire shi, komawa za ta yi yadda take?"

Ni ma na yi ƙasa da murya.

"A hankali za ta koma, Baba."

"Da bandejin?"

"Shi ma warwarewa ake yi."

"Cirewar da wuya?"

"Noti biyu ne da tiyo."

Ya gyaɗa kai yana murza carbi. Na san in ya ce cire, cirewa zan yi, da hannun nan nawa da bai gama ƙaiƙayi ba, in sauke katifa in mayar ɗakin Umma. Sai wayar ta sake yin zuu, a shirun ɗakin nan kamar jirgi.

"Su wane ne suke ta nemanka?"

"'Yan ɗakin ne. Wani ya zo da katifarsa, yana jira a ƙofa. Sun ce zuwa la'asar."

Ya kalli 'yar kafar nan ta sama, inda rana ta riga ta karkata. Gwaggo ta dawo tana nishi tana cewa a ƙara wuta, ta zauna daɓas.

"Yaya," in ji Baba, "a samo wa yaron nan mai mashin ya wuce da shi Makarfi. Ni ina nan."

Gwaggo ta dube shi, ta dube ni.

"Da ma wa ya riƙe shi? Kai na riƙe. Tashi, ɗan boko, Allah Ya ba da sa'a. A zuba masa naman a leda."

Ban san lokacin da na kwance igiyar nan ba. Ɗan acaɓa ya zo, muka naɗe katifa muka ɗaure a baya, jaka a kan tanki, risho a cinyata, bokiti a hannu, buhun gari muka bar wa Baba ya taho da shi wani zuwan. Baba ya rako ni bakin zaure, ba hula, abin da ban taɓa gani ba a gidan mutane. Na durƙusa.

"Baba, gwangwanin in ya cika a riƙa juyewa. Akwai noti a ƙasansa. Kada a mayar da man cikin inji, ruwa ne rabinsa."

"Na ji."

"Kuma a bar Oga ya riƙa duba wayar bandejin."

"Kai, tafi mana."

Ɗan acaɓan ya ce ya san yanke ta cikin gonakin rake. Na ce masa oga, ba ta wuta, in ka ga rami ka yi masa sallama kawai. Iska tana dukan fuskata, katifa tana turo ni gaba, hannu ɗaya bokiti, ɗaya waya, babban yatsa yana aiki: "Ina hanya! A tare ƙofa! Ko da kujera ne a tare!"

Ana kiran la'asar muka shigo layin. Ɗan Hunƙuyi ya miƙe ke nan yana kaɗe ɓawon rake daga wando, ya kama kunnen katifarsa. Na dira tun mashin bai gama tsayawa ba, na wuce shi da tawa a ka ina cewa sannu malam, sannu malam, a ɗan ba ni hanya. Mutanena suka fasa ihu. Na jefa ta jikin taga na faɗa a kai, na miƙe ƙafafu duka biyun har yatsuna suka taɓa bango. Daga baya na fita na ba ɗan Hunƙuyi cinyar kaza, mutumin kirki ne, ya samu wuri a ɗakin gaba.

Da magariba na kira Umma in ce na sauka lafiya. Na tambayi Baba.

"Bai dawo ba," ta ce. "Gwaggonka ta sa an kira ni. Wai kwana zai yi."